Wai Mai Kanta A Hannu Ba Ya Soyayya Ne?

 

Yau da tambaya na zo, kuma ina roƙon kowace ta ba kanta amsa tsakaninta da Allah. Ki tuno littattafan soyayya goma na ƙarshe da kika karanta, ko na takarda ne irin wanda ake karɓa haya, ko wanda ake turowa a waya shafi-shafi. To a cikin samarin nan goma da suka sace zukatan 'yammatan labarin, mutum nawa ne manomi? Nawa ne tela, ko bakanike, ko direba, ko malamin firamare mai jiran ƙarshen wata? Ni dai na ƙirga nawa, kuma yatsun hannu ɗaya ma sun yi mini yawa.

Shi saurayin littafi kusan kullum kamanninsa ɗaya ne. Dogo ne, fari, mai saje, ɗan wani hamshaƙin Alhaji, bai daɗe da dawowa daga Ingila ko Amurka ba aka damƙa masa kamfanin babansa. Ba ya dariya, ba ya son hayaniya, magana ma sai ya ga dama, wai shi miskili. Marubuciya za ta cinye shafi biyu cur tana bayanin motarsa da agogonsa da ƙamshin turarensa, amma har littafin ya ƙare ba za ki ga ranar da ya zauna ya yi aikin da ke kawo kuɗin ba. Ofis kawai yake zuwa ya sa hannu a fayil, ya daka wa sakatariya tsawa, ya dawo gida ya kwanta a kan gado yana tunanin yarinyar da ta watsa masa ruwa a hanya. A 'yan shekarun nan da labarai suka koma waya abin ma ya ƙara gaba, domin miloniya ya zama ƙaramin yaro, sai biloniya mai jirgin sama nasa na kansa.

To ni kuwa 'yar Maska ce, kuma idona na ganin irin samarin da Allah Ya ba mu. Ki hau mota daga nan zuwa Funtuwa, ki wuce Bakori har Malumfashi, ki duba dama da hagu. Ga masu cirar auduga da kaka, ga masu ɓarzar masara, ga masu lodin buhuna a kasuwar Dandume, ga 'yan noman rani na wajen Danja da kwandunan tumatir, ga masu faci da bakanikai a bakin hanyar Gusau inda manyan motoci ke yada zango. Wannan yanki da noma aka san shi tun kaka da kakanni. Saboda auduga aka kafa injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi, saboda ita aka yi masaƙa a Funtuwa, kuma da Bankin Duniya ya tashi gwajin manyan ayyukan gona a arewa a 1975, Funtuwa na cikin wurare uku da aka fara da su, tare da Gusau da Gombe. Arzikinmu daga kan kunya yake fitowa, amma da an zo rubuta soyayya sai mu riƙa jin kunyarsa.

Saurayin da ke sallama a ƙofar gidanku bayan isha'i shi ne wannan da ya wanke hannu da omo har sau uku amma baƙin mai bai gama fita daga ƙarƙashin farcensa ba. Ya goge shaddarsa guda ɗaya, ya ari turaren abokinsa, ya tsaya wajen mai tsire ya yi lissafi kafin ya ce a yanka na nawa. Zuciyarsa na bugawa kamar ta kowane ɗan Alhaji. Amma ke da kika wuni da littafi, kina fitowa sai ki auna shi da wancan na takarda, ki ga bai kai ba. Shi bai san da wa ake gwada shi ba, balle ya kare kansa. Wannan ne ya sa na ce maganar ba ta wasa ba ce, domin yarinya da yawa littafi ne makarantarta ta farko a kan abin da za ta nema wajen namiji, tun kafin uwa ta zaunar da ita.

Kada ku ce sabon abu ne, rigimar mai kuɗi da marar shi a kan budurwa ta girmi iyayenmu a adabin Hausa. Tun shekarun 1930 aka buga Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East a Zariya, inda Abubakar ke son Zainab, sai attajiri Malam Shehu ya shigo da dukiyarsa ya aure ta. Me Abubakar ya yi da baƙin cikinsa? Ya shiga duniya neman asirin da zai rama, kuma ramuwar ta faɗa kan yaron da aka haifa, ya tashi ɓarawo, ƙarshe shi ya yi ajalin mahaifinsa ba da saninsa ba. Wato littafin soyayyarmu na farko labarin miki ne da aka bari ya ruɓe har ya ci gida guda. Babu wanda ya zaunar da Abubakar ya ji ciwonsa, shi ma bai nemi a ji ba.

Daga baya aka samu So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsat Abdulwaheed a 1980, sannan a tsakiyar shekarun 1980 Talatu Wada Ahmed ta fito da Rabin Raina, daga nan kuma ƙofa ta buɗe. Lokacin ne gwamnatin Babangida ta kawo tsarin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, naira ta faɗi, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, sai matasa a Kano suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, a raba labari kashi biyu ko uku yadda 'yar makaranta za ta iya saye ko ta karɓa haya. Ku lura da wannan sosai: littattafan da suka cika da motoci da gidajen bene, a lokacin tsananin babu aka haife su. Mutum idan yana jin yunwa ai mafarkin tuwo yake yi. Ban ga laifin marubutan ba, ban kuma ga laifin yayyenmu da suka yi ta ɓoye littattafan a cikin littafin lissafi ba.

A cikin wannan zubin ne Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a 1991, kuma wadda duk ta karanta shi ba ta manta Muhammad da Sumayya ba. Ita 'yar masu hali, shi talaka mai ilimi da natsuwa, ga kuma Abdulƙadir ɗan kasuwa da ya biyo ta hannun kaka da abin duniya. Da aka matsa wa Sumayya sai ta faɗa rijiya. Littafin ya yi farin jinin da har aka mai da shi Turanci, aka kuma yi fim ɗinsa a 1994. Ya yi wa talaka babban gata, don ya nuna cewa budurwa mai gata za ta iya zaɓar marar ko sisi saboda halinsa. Sai dai abin da na fi riƙewa game da Muhammad shi ne kalamansa da wasiƙunsa da haƙurinsa. Talaka ne na zuci da baki. Wanda nake nema yau shi ne talakan da zan ga hannunsa a cikin aiki, in ji gajiyarsa, in san nawa ya samu yau da abin da ya yi da shi. Sannan ita rijiyar, Allah Ya kiyaye, ba hanya ba ce, kuma ina jin shi kansa marubucin gargaɗi ya yi wa iyaye da ita.

Abin sha'awa, muhawarar da aka tafka a kan waɗannan littattafai 'yan yankinmu ne a gabanta. Malam Ibrahim Malumfashi, wanda daga baya ya zama farfesa, shi ya raɗa musu suna Adabin Kasuwar Kano a rubuce-rubucensa na jaridar Nasiha a farkon shekarun 1990, yana kwatanta su da ƙananan littattafan kasuwar Onica, yana kuma kukan cewa sun yi nisa da rayuwar Bahaushe ta zahiri, sun fi kama da finafinan Indiya. Ibrahim Sheme, ɗan ƙasar Faskari, ya buɗe wa muhawarar fili a jarida, Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero kuma ya tsaya wa marubutan, yana cewa ko ba komai sun sa dubban mata karatu da harshensu. Mu masu karatu a lokacin haushin Malam Malumfashi aka fi ji, don gani ake ya raina abin da muke so. Ni a ganina kowane ɓangare na da tasa gaskiyar. Littattafan sun koya wa mata karatu, wannan ba musu. Amma tambayar da ya yi, wai ina rayuwarmu a ciki, har gobe ba a gama amsa ta ba.

Ba zan wuce ba sai na gai da uwarmu ta nan gida, Hajiya Bilkisu Ahmed Funtuwa, Anti Bilki, mai Allura Cikin Ruwa da Wa Ya San Gobe? da Ki Yarda Da Ni. Ita duniyar littattafanta ta masu ilimi ce da wadata, 'yammatanta kan yi karatu mai zurfi su riƙe manyan ayyuka, kuma su riƙe addininsu da mazajensu. Yarinya nawa ce a Funtuwa da kewaye ta dage sai ta gama sakandare saboda ta ga irinta a littafin Anti Bilki? Allah kaɗai Ya sani. Wannan mafarki ne mai amfani, don ya tura mu aji. Abin da ya biyo baya ne matsalar, da masu kwaikwayo suka ɗauki motar da gidan suka bar karatun da tarbiyyar.

Wadda ta fi kowa shiga cikin ɗakin talaka ta zauna a kan tabarmarsa, a nawa karatun, ita ce Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala. Ita kanta tana ƙaramar yarinya aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure, saboda haka ba labari aka ba ta ba. A Wa Zai Auri Jahila? na 1990, an hana Abu karatu, saurayin da take so ya guje ta don wai jahila ce, aka ɗaura mata aure da tsoho Sarkin Noma. Ta gudu Kano wajen gwaggonta, ta koma karatu da girmanta, har ta zama ma'aikaciyar asibiti. Ku duba da kyau abin da ya warkar da Abu. Gwaggo ce da ta buɗe mata ƙofa, da allo da alli, da shekaru, da ranar da ta fara cin guminta. Haka a Alhaki Kuykuyo Ne, shi ma na 1990, Alhaji Abdu ɗan kasuwa ya kori Rabi da 'ya'yanta tara saboda amarya Delu, Rabi ta ɗaura ɗamara ta kama sayar da abinci ta riƙe yaranta. A littafin nan mai kuɗin shi ne ya yi mikin, tukunya da murhu suka yi jinya. Ko da yake, don kada in yi son kai, ita ma Hajiya Balaraba ta aurar da Saudatu 'yar Rabi ga wani Alhajin mai hali, kun ga ke nan Alhaji bai fita daga littafi ba, an dai samu na kirki. Shi ma Ibrahim Sheme a 'Yartsana na 2003 ya bi sawun yarinyar da auren dole ya jefa cikin bariki, bai ɓoye ƙazantar rayuwar ba, bai kuma zubar da mutuncinta na 'yar Adam ba.

Wannan littafi na Rabi shi ne zai kai mu Indiya, kuma ba Indiyar Bombay ta finafinan da muka saba gani ba. A 2012 wani kamfanin ɗab'i mai suna Blaft ya buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne da Turanci, wadda Aliyu Kamal na Jami'ar Bayero ya yi. Kamfanin a birnin Chennai yake, wanda a da ake kira Madras, babban birnin jihar Tamil Nadu da ke can kudancin Indiya, inda ake magana da harshen Tamil, harshen da ya sha bamban da Hindi na finafinai. Me ya kai mutanen Chennai ga littafin wata Bakanuwa? Ai su ma suna da nasu adabin kasuwar. Ƙananan littattafai ne masu arha da ake sayarwa a tashoshin mota da na jirgin ƙasa da teburan masu shayi, na soyayya da na 'yan sanda da na aljanu, manyan malamai na yi musu kallon raini, mata da ma'aikata kuwa na rububinsu. Tun a 2008 kamfanin ya tattara irin waɗannan labarai ya fassara su, saboda haka da suka ga namu sai suka gane ɗan'uwa.

Sarauniyar soyayya a wajensu wata baiwar Allah ce mai suna Ramanichandran, wadda ta rubuta littattafai fiye da ɗari, kuma matan Tamil na karanta ta kamar yadda muke karanta Anti Bilki. To ku canki wane ne jaruminta a mafi yawan lokuta. Attajiri mai kamfani, mai girman kai da saurin fushi, ya haɗu da yarinya mai kamun kai 'yar matsakaicin gida, a yi ta rashin fahimta har zuwa shafin ƙarshe a shirya. Ashe miskilin nan namu yana da 'yan'uwa har a bakin tekun Indiya!

Amma a cikin marubutan Tamil ɗin akwai wanda ya bi wata hanyar, sunansa Jayakanthan, an haife shi a 1934 ya rasu a 2015. Bai yi nisa a makaranta ba, ya yi ƙananan ayyuka iri-iri a Madras, har da aikin maɗaba'a, shi ya sa labaransa suka cika da masu jan keken ɗaukar mutane da 'yan ƙwadago da mazauna unguwannin marasa galihu, kuma ya ba su zuciya da so da kishi kamar kowa. Akwai wani gajeren labarinsa na shekarun 1960 da ya tayar da ƙura. Wata ɗaliba ce ruwan sama ya tare a wajen jiran bas, wani mai mota ya rage mata hanya, ya keta mata haddi. Ta iso gida ta gaya wa uwarta. Uwar ta fara da duka da kuka, sai kuma ta tsaya ta yi tunani, ta ja 'yarta ta kwarara mata ruwa a ka, ta ce mata ta tsarkaka, rayuwarta ba ta ƙare ba. Jama'a suka yi ca a kan marubucin, wai ya sassauta. Sai ya amsa musu da littafi guda a 1970, inda ya ɗauki yarinyar nan ya nuna yadda rayuwarta za ta kasance da uwar ta yi kururuwa ta tara mata unguwa: an kore ta daga gida, ta yi karatu ta samu aiki, amma ta girma da mikin bai rufe ba. Littafin ya ci babbar kyautar adabi ta ƙasar Indiya a 1972. Addininsu daban, al'adarsu daban, kuma ni ban ce a rufa wa azzalumi asiri ba, hukunci hakkinsa ne. Abin da na ɗauka shi ne, kalmar farko da yarinya ta ji daga bakin na kusa da ita a ranar da duniya ta rushe mata, ita ce ke yanke ko za ta miƙe ko ba za ta miƙe ba. Kuma ku lura, a nan ma mai motar ne ya yi ɓarnar.

Yanzu mu dawo gida mu dubi yadda mafi yawan littattafanmu ke jinyar zuciya. Yarinya ta sha wuya a hannun kishiyar uwa tun daga littafi na ɗaya har na uku, an dake ta, an yi mata ƙazafi, wani lokacin shi kansa jarumin ne ya mare ta ya wulaƙanta ta. Sai a shafuka goma na ƙarshe ya gane kuskurensa, ya durƙusa, ya miƙa mata makullin mota da kujerar Makka, a tafi Dubai yawon amarci, shi ke nan wai ta warke. Haba jama'a! Ko ƙunar ruwan zafi ai ba ta warkewa a kwana ɗaya, balle ta shekara goma a zuci. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne darasin da ke ƙarƙashi, wato ki jure wulaƙancin mai kuɗi, watarana zai sauya. Mata nawa ne ke zaune a kan wannan alkawarin na takarda?

Akwai wata 'yar'uwata, ba zan faɗi ko ta wane ɓangare ba. Tana da shekara goma sha shida aka ba da ita ga wani mai hali ta zama ta uku, aka yi biki na gani na faɗa. Bayan shekara biyu ta dawo da takarda da goyo, da wani irin shiru da ba mu san ta da shi ba. Idan mota ta yi ham a waje sai ta zabura. Abinci a ɓoye take ci, kamar wadda za a ƙwace wa. Dare kuwa ba barci. Gida aka yi ta cewa iska ce, aka yi rubutu aka yi hayaƙi. Da ta shekara biyu a gida wani tela ya fito, matarsa ta rasu ta bar masa yaro ɗaya, shagonsa bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba, da damina kuma yana noma 'yar gonar gado. Ƙawayenta har dariya suka yi, wai daga gidan bene zuwa gidan ƙasa.

Mutumin nan bai iya kalaman littafi ba, ko "rabin raina" ban taɓa jin an ce ya faɗa ba. Amma shi ya lura ba ta cin abinci a gabansa, sai ya riƙa ɗaukar kwanonsa ya fita zaure, ya bar ta ta ci a sake, bai taɓa tambayarta dalili ba. Shi ya ce rashin barcin nan a gwada asibiti, ya rufe shago ranar kasuwa guda ya kai ta, likita ya ce damuwa ce ta yi mata yawa, ciwo ne kamar kowane ciwo, kuma yana da magani. Ya ɗauko tsohon kekensa na ɗinki ya gyara ya ajiye mata a ɗaki, ya fara koya mata da kalmasa bakin zane. 'Yarta kuwa tare da nasa yaron ya sa su makaranta, rana ɗaya ya ɗinka musu kaya daga yadi ɗaya. Sai da aka shekara uku kafin mu sake jin dariyarta mai ƙarfi irin ta da. Suna faɗa? Sosai ma. A kan kuɗin taki, a kan cefane, a kan ɗinkin sallah da ke hana shi dawowa sai tsakar dare. Akwai shekarar da masara ta yi arha bayan ya ci bashin taki, suka sha wuya ƙwarai. To ku gaya mini, wannan bai isa littafi uku ba?

Kada wata ta ce na ce talauci ado ne, ko duk mai kanta a hannu mutumin kirki ne. Wallahi akwai talaka mugu, mai huce haushin kasuwa a kan matarsa, akwai kuma mai kuɗi mai tsoron Allah da tausayi. Babu kuma laifi yarinya ta so hutu, wa ke son wahala? Magana ta ita ce a nuna mana mutum da aikinsa da halinsa gaba ɗaya, yadda za mu koyi auna namiji da abin da yake yi idan rai ya ɓaci ko aljihu ya bushe, tunda ranakun nan sun fi ranakun biki yawa.

Mawaƙanmu ma sun riga marubuta a wannan fage. Marigayi Mamman Shata, wanda ya yi zama mai tsawo a nan Funtuwa, ya wasa sarakuna da attajirai, amma ya yi wa Bawa Direba waƙar da har yau ake saurare, ya kuma yi wa manoma. Marigayi Ɗanmaraya Jos ya ɗauki kuntiginsa ya yi wa karen mota waƙa, yaron da kowa ke hantara a tasha. Idan kalangu da kuntigi sun ga abin yabo a jikin mai aikin ƙarfi, me ya hana biro?

Sannan akwai dalilin da ya sa maganar ta fi matsa mini a yanzu. Yankinmu ya ga abin da iyayenmu ba su gani ba. Ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Dandume sun sha hare-haren 'yan bindiga, mata da yawa sun zama zawarawan dare ɗaya, iyalai sun baro gonakinsu sun dawo gari suna raɓe a gidajen dangi. A watan Disamba na 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, suka yi kusan mako a daji kafin a sako su. Yaran nan yanzu samari ne. Wasunsu na jami'a, wasu na kasuwa, wasu na gona, kuma su ne masu sallama a ƙofar gidajen 'yammata. Namijin da ya taɓa kwana a daji da bindiga a kansa, ko ya sayar da gonar gado ya fanso mahaifiyarsa, shi ma yana da mikin da ke bukatar jinya, ga shi an koya masa tun yana yaro cewa namiji ba ya kuka. Yarinyar da za ta aure shi, wane littafi ne ya shirya ta? Wanda ya ce mata matsalar namiji ita ce miskilanci da yawan kuɗi? Na ji daɗi da labarin da ya fara cin gasar Hikayata ta BBC Hausa a 2016, wato Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, ya kasance a kan 'yan gudun hijira ne. Alama ce cewa mata masu biro sun fara duban inda ke ciwo.

Na san a cikinku akwai masu rubutu a bayan littafin darasi, ana zagayawa da shi a aji ana karantawa kafin malam ya shigo, wasu kuma a waya suke yi. Ƙanwata, idan kin tashi ƙirƙiro saurayin labarinki na gaba, ki leƙa shagon yayanki ki zauna awa ɗaya. Ki ji yadda yake ciniki, ki ga yadda yake yi idan mai kaya ya zo karɓa bai gama ba, ki tambaye shi nawa ne buhun taki bana da buhu nawa gonar ke ci. Ki tambayi innarki yadda ta yi ta dawo daidai bayan rasuwar ɗanta na fari, wa ya zauna da ita, me aka ce mata da ya taimaka, me aka ce da ya ƙara mata ciwo. Ki bar yarinyar labarinki ta warke a hankali, yau ta ci abinci, gobe ta koma kuka, jibi ta fita biki. Ba sai kin kashe motar gaba ɗaya ba, ki bar ta ta wuce a titi, saurayin na ƙarƙashinta da sifana a hannu.

Wadda kuma ta san wani littafin Hausa, tsoho ko sabo, da jaruminsa manomi ne ko mai sana'ar hannu tun daga farko har ƙarshe, ba wanda za a gano daga baya cewa ashe ɗan sarki ne da ya ɓata yana jariri ba, don Allah ta rubuto ta hannun Edita ta faɗa mini sunansa da na marubucin. Zan aika Kano a nemo mini, in karanta, in kawo muku sharhinsa a wannan shafi in Allah Ya yarda.

Taku a kullum, daga Maska.